Yadda rukunin rok zai naɗi albam a situdiyo bayan ya ɗauki sababbin makaɗa

Makaɗan rok, wato salon kiɗan jitar lantarki da ganguna, da suka daɗe suna kiɗa tare suna da wata fahimtar juna da ba a rubuta ta a ko'ina. Mai ganga ya san mai jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, yakan ɗan ja baya a farkon amshi, yana kuma jiransa ba tare da ya ma lura ba. Mawaƙi ya san inda mai jita zai bar masa fili ya ja numfashi. Ranar da aka sauya mutum ɗaya ko biyu, wannan fahimtar ta bi wanda ya tafi. A kan dandamali ba kasafai ake ganewa ba, domin ƙarar lasifika da ihun 'yan kallo suna binne ƙananan kurakurai. Makirufon situdiyo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Shi ya sa ake gama kaso mafi girma na aikin irin wannan albam tun kafin a shiga situdiyo. Abin da ake nema shi ne a naɗi sabon ɗan rukuni a matsayin kansa, da salon hannunsa, amma ya zauna daram a cikin kiɗan sauran.

A fara da takarda

Tambaya ta farko ita ce: sabon mutumin cikakken ɗan rukuni ne, ko makaɗin haya ne da za a biya shi ladan aikinsa ya kama gabansa? Ko wanne aka zaɓa babu laifi, amma dole ya kasance a rubuce. A harkar waƙa haƙƙi iri biyu ne. Akwai haƙƙin ƙirƙirar waƙar, wato baitocinta da karinta, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa. Mutum na iya samun kaso a ɗaya bai samu a ɗayan ba. Duk waƙar da aka kammala, a cike mata takardar rabo a ranar: sunan waƙa, sunayen waɗanda suka ƙirƙire ta, kason kowa cikin 100, sannan kowa ya sa hannu. Idan aka bari sai albam ya fito, kowa zai tuna lamarin ta yadda ya fi masa daɗi.

Wanda ya bar rukuni yakan bar guntayen kari a cikin waƙoƙin da ba a ƙarasa ba. Ku zauna ku tantance su ɗaya bayan ɗaya. Wanda za a yi amfani da shi, a nemi amincewar mai shi a rubuce, a ba shi kasonsa. Wanda ba a samu amincewa ba, a cire shi, a bar sabon makaɗi ya gina nasa.

Bita

Ku ware makonni 6 zuwa 8, ana haɗuwa sau 3 a mako, kowane zama awa 2 zuwa 3. A makon farko kada ku taɓa sababbin waƙoƙi. Ku buga tsofaffi guda 3 ko 4 da kowa ya haddace, domin a nan ne bambancin sabon hannu zai fito fili. Wani mai ganga yana bugu a gaban lokaci kaɗan, kiɗa ya riƙa jin kamar ana ingiza shi. Wani yana bugu a bayansa kaɗan, kiɗa ya yi nauyi ya kwanta. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, amma idan mai ganga yana gaba, mai bes yana baya, gindin waƙar zai yi sako-sako, kuma gyaran kwamfuta ba ya maye gurbin wannan haɗin.

Idan sabon mutumin yana ɗaya daga cikin waɗannan biyun, a ba su zama nasu su kaɗai sau ɗaya a mako, babu jita, babu murya. Su bi kowace waƙa daki-daki, su amince a kan inda bugun gangar ƙafa zai faɗi tare da sautin bes da inda za su rabu da gangan. Wannan zama ɗaya ya fi zama uku na dukan rukuni amfani.

Ku naɗi kowace bita, ko da wayar hannu ce aka ajiye a tsakiyar ɗaki. Washegari kowa ya saurara shi kaɗai, ya zo da abu biyu da yake ganin suna bukatar gyara. Lokacin da mutum yake kiɗa hankalinsa yana kan hannunsa, sai ya koma mai sauraro yake jin cewa amshin ya yi sauri ko baiti na biyu ya yi tsawo.

A wannan lokaci ake tsayar da abu uku ga kowace waƙa, a rubuta su a takarda guda da za a tafi da ita situdiyo. Na farko saurin kiɗa, wato adadin bugu a minti. A gwada waƙar da agogon kiɗa, wanda ake kira kilik, a ƙara bugu 2, a rage 2, a ga inda mawaƙi ke furta kalmomi ba tare da haki ba. Na biyu mazaunin murya. Idan mawaƙin ne sabo, kada a tilasta masa inda tsohon yake kaiwa. A sauke ko a ɗaga waƙar da rabin mataki ko mataki guda har muryarsa ta zauna a inda ta fi ƙarfi, ko da hakan zai sa masu jita su sassauta tsirkiyoyinsu su sake koyon wasu wurare. Na uku tsarin waƙar: shimfiɗa, baiti, amshi, inda jita za ta yi kiɗanta ita kaɗai, da yadda za a rufe, kowanne da adadin zagayensa.

Ku shirya waƙoƙi 15 zuwa 18, ku zaɓi 10 zuwa 12, abin da zai ba da albam na minti 40 zuwa 45. A ra'ayinmu ya kamata a samu aƙalla waƙa ɗaya ko biyu da sabon ɗan rukuni ya sa hannu a ƙirƙirarsu tun daga tushe. Lokacin da rukunin Fleetwood Mac ya ɗauki Lindsey Buckingham da Stevie Nicks a ƙarshen 1974, an saka waƙoƙin da su biyun suka rubuta a albam ɗin 1975, kuma albam ɗin ya hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1976. Mutumin da yake buga abin da ya ƙirƙira ba ya bugu da ɗari-ɗari, kuma ana jin hakan a faifai.

Kayan kiɗa

Mako guda kafin ranar shiga, a kai kowace jita wurin mai gyara. Abin da aka fi dubawa shi ne daidaiton tsirkiya: sautin da take bayarwa a sake dole ya dace da wanda take bayarwa idan aka danne ta a gaɓa ta 12. Idan bai dace ba, jitar za ta yi daidai a saman wuya, ta karkace a ƙasansa. A sa sababbin tsirkiyoyi kwana ɗaya kafin a fara, a ja su da hannu har su daina saki. A sauya fatun ganguna na sama kwana 2 kafin, a buga su su zauna. A ɗauki ƙarin tsirkiyoyi, sandunan ganga, batura da wayoyin haɗi.

Dukan masu jita su daidaita da na'ura guda, a kan ma'aunin 440 Hz (Hz shi ne adadin girgizar sauti a sakan ɗaya). Na'urori biyu na iya bambanta da ɗan abin da kunne ba zai kama a bita ba, amma idan aka jera jitoci huɗu a kan juna zai fito.

Sannan a saurari amfilifayar (akwatin ƙara sautin jita) sabon mai jita tare da ta tsohon ɗan rukuni. Idan su biyun suna da kauri iri ɗaya, za su cinye juna. Ɗaya ya ɗauki sauti mai kaifi, ɗaya mai kauri, kuma dukansu su rage ƙasa su bar wa bes wurinsa.

Ranar farko a situdiyo

Ku sa a ranku cewa rabin ranar farko, wani lokaci ma dukanta, za ta tafi a kan jera ganguna da makirufo. A buɗe aikin a manhaja, ko Pro Tools ce ko Logic Pro ko Reaper, a kan 24 bit da 48 kHz, wato ma'aunan ingancin ɗaukar sauti, kuma kada a sauya wannan har a gama. A saita ƙarfin shigar sauti yadda matsakaicinsa zai tsaya wajen -18 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na manhaja, wanda 0 ne ƙololuwarsa, mafi ƙarfin bugu kuma kada ya wuce -6. Mai ganga yakan yi gwaji a hankali, ya ƙara ƙarfi idan an fara ɗauka ta gaske, don haka a bar masa sarari. Sautin da ya kai 0 ya fashe, ba ya gyaruwa.

Ga tsarin da aka saba bi. Babbar gangar ƙafa a sa mata makirufo irin AKG D112 ko Shure Beta 52A ta ramin fatar gaba. Idan aka tura shi ciki kusa da inda guduma ke dukan fata, ana samun ƙarin kaifin bugu. Idan aka janyo shi bakin rami, ana samun ƙarin kauri. Ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa, wadda ake kira sineya, a sa mata Shure SM57 santimita 3 zuwa 5 sama da bakinta, yana kallon tsakiyar fata, bayansa yana fuskantar farantan ƙarfe na gefe domin ya rage ɗaukar ƙararsu. Idan an ƙara wani makirufo a ƙarƙashinta, a juya masa fuskar sauti a na'ura, domin lokacin da fatar sama ke nisantar makirufonta, ta ƙasa tana kusantar nata. In ba a juya ba, su biyun za su soke juna, gangar ta yi siriri. Matsakaitan ganguna kuma Sennheiser MD 421 ya daɗe yana yi musu aiki.

Makirufo biyu na sama su ne ke ba da hoton jerin gangunan gaba ɗaya, kuma a nan aka fi yin kuskure. A rataye su kimanin mita 1 sama da ganguna, sannan a ɗauki igiya a auna daga tsakiyar sineya zuwa kowannensu, tazarar ta zama daidai. Sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, saboda haka bambancin 'yan santimita ya isa ya sa bugu ya isa makirufo ɗaya kafin ɗayan. Bayan an jera, a haɗe sautin duka ya fito ta lasifika guda a saurara. Idan kaurin ganga ya ɓace, akwai makirufon da ke karo da wani, a matsar da shi ko a juya fuskarsa. Waɗannan makirufo na sama galibi suna bukatar wutar bolt 48 daga na'ura. A kashe ta kafin a zare ko a soka waya, musamman idan akwai makirufo mai siririn zaren ƙarfe a ciki, wanda kuskuren haɗi kan iya lalatawa.

Abin da ke biye shi ne sautin hedifon, kuma shi ne abin da sabon ɗan rukuni zai fi jin nauyin yin magana a kai. Zai ce komai lafiya alhali ba ya jin kansa. Injiniya ya tambaye shi kai tsaye, ya ɗauki hedifon nasa ya saurara da kunnensa. Kowa ya samu haɗin da ya dace da shi: mai ganga yana bukatar kilik da bes, mawaƙi yana bukatar muryarsa da jita guda da za ta riƙe masa kari. A saukar da adadin da ake kira bafa a manhaja zuwa 64 ko 128 lokacin ɗauka, domin a rage jinkirin sauti. Idan jinkirin da ke tsakanin bugu da jinsa a kunne ya haura milisakan 10, makaɗi zai fara tuntuɓe bai san dalili ba. Mai ganga ya sa hedifon rufaffe mai kama kunne sosai, in ba haka ba ƙarar kilik za ta zubo cikin makirufo na sama, a ji ta a ƙarshen waƙa lokacin da faranti ke mutuwa.

A kula da kunne. Awa 8 a rana ne iyakar da aka shata ga ƙarar 85 dB (a nan ƙarar da ke shiga kunne ake aunawa, ba ma'aunin manhaja ba), kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin gida biyu. Gangunan rok suna wuce 100 dB, inda iyakar ta koma minti 15. Duk wanda ke ɗakin ganguna ba da hedifon ba ya toshe kunnensa.

Ɗaukar gindin waƙa

Hanya biyu ce: ko a naɗi kowa shi kaɗai ɗaya bayan ɗaya, ko a naɗi ganga da bes da jita a lokaci guda. Ga rukunin da ke da sababbin mutane, ta biyun muke ba da shawara. Makaɗan su tsaya a ɗaki ɗaya suna ganin juna, amfilifayoyi kuma a kai su wani ɗaki ko a killace su domin kada ƙararsu ta shiga makirufon ganguna. Mawaƙi ya rera muryar jagora daga nasa ɗakin, wadda za a sauya daga baya. Ganin kafaɗar mai ganga tana ɗagawa kafin amshi yana haɗa kan makaɗa fiye da duk wata alama da za a rubuta.

Kada a fara da waƙar da ta fi wuya, kada kuma a fara da wadda kuke sa ran ita ce za ta ja albam. A fara da matsakaiciya wadda sabon mutumin ya fi sakin jiki da ita. A yi ɗauka 3 zuwa 5. Idan an kai ta 6 ba a samu ba, a bar ta a koma wata, domin daga nan kuskure yana raguwa amma kuzari ma yana raguwa. Wani ya riƙe takarda yana rubuta abin da ya yi kyau a kowace ɗauka, misali baitin ta 2 da amshin ta 4. Tunda an bi kilik, ana iya haɗa su.

Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da makaɗa tsakanin ɗauka da ɗauka, furodusa ko wanda aka wakilta. Idan mutum huɗu suka riƙa jefa wa sabon makaɗi gyara a lokaci guda, zai koma bugun tsoron kuskure. Gyaran kuma ya zama takamaimai: a ce masa ya rage bugun faranti a baiti na biyu, ko ya shigo da bugu ɗaya kafin amshi. Kada a ce masa wane ba haka yake yi ba. Wannan magana ba ta nuna masa abin da zai yi, sai dai ta sanyaya masa gwiwa.

Bes a ɗauke shi ta hanya biyu a lokaci guda: kai tsaye ta akwatin DI, wanda ke kai sautin jita cikin na'urar ɗauka ba tare da makirufo ba, da kuma ta makirufo a gaban amfilifaya. Na farko yana ba da tsabta, na biyu yana ba da gurnani. Idan aka ji wani gunji mai ɗorewa a layin, galibi wutar lantarki ce mai 50 ko 60 Hz ta sami hanyar ƙasa biyu. A danna makunnin yanke ƙasa da ke jikin akwatin DI. Kada a taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya, wannan yana iya kashe mutum.

Jita da murya

A sa makirufo SM57 santimita 2 ko 3 daga ƙyallen lasifikar amfilifaya. A haska tocila a ga da'irar tsakiya, a saita makirufo a inda da'irar ta haɗu da faffaɗan ɓangaren. Matsawa tsakiya na ƙara kaifi, matsawa gefe na ƙara taushi, kuma motsin santimita ɗaya yana sauya sauti fiye da murɗa maɓallai. A rage gurzar sauti, wato kaushin da amfilifaya ke ba jitar rok, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba a dandamali, domin idan ta yi yawa jita tana ƙanƙancewa a faifai, ba a jin dukan tsirkiya. Domin a samu faɗi, a buga ɓangaren sau biyu, ɗaya a kai hagu, ɗaya dama. Kwafar ɗauka guda a manna ba ta yin wannan aiki, domin ƙananan bambance-bambancen hannu su ne ke buɗe sautin. Yana da kyau a ɗauki jitar ta DI ma, ta yadda idan daga baya aka ga sautin sabon mai jita bai zauna da na sauran ba, za a sake tura abin da ya buga cikin wata amfilifaya ba sai ya sake bugawa ba. A duba daidaiton tsirkiya kafin kowace ɗauka.

Kada a tara murya duka a kwanakin ƙarshe. Maƙogwaro ba ya jure fiye da awa 2 zuwa 3 na waƙar rok a rana, don haka da zarar gindin waƙa ya kammala a fara sa mata murya, waƙa ɗaya ko biyu a yini. A gwada wa sabon mawaƙi makirufo 2 ko 3, misali Neumann U87 da Shure SM7B, a zaɓa da kunne, domin wanda ya dace da tsohon mawaƙi ba lallai ya dace da shi ba. Ya tsaya santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da ragar tare iska a tsakani. Idan muryarsa tana zamewa daga kari, a fara rage ƙarar hedifon ko ya janye kunne ɗaya. A yi cikakkiyar ɗauka 4 zuwa 6, a tsinci mafi kyawun layi daga kowace. A rage mutanen da ke kallonsa ta gilashi, mutum biyu sun isa.

Kowane dare a kwafi aikin ranar zuwa wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen situdiyo. Sunan kowane fayil ya ƙunshi waƙa, kayan kiɗa, lambar ɗauka da kwanan wata.

Haɗa sauti da gogewar ƙarshe

A bar kwana 3 zuwa mako guda tsakanin gama ɗauka da fara haɗawa, kunne ya huta. A yanke wa jitoci abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, a bar wurin ga bes da gangar ƙafa. Idan waƙa ta yi duhu kamar an lulluɓe ta, a duba tsakanin 200 da 400 Hz, inda kayan kiɗa da yawa ke cunkushewa.

A nan ake yawan danne sabon mutum, wani lokaci ba da niyya ba, domin tsofaffin 'yan rukuni sun fi shi bakin magana. Albam ɗin rukunin Metallica na 1988, cikakken albam na farko da suka yi da sabon mai bes Jason Newsted bayan rasuwar mai bes ɗinsu Cliff Burton a 1986, har yau ana maganarsa saboda da ƙyar ake jin bes a cikinsa. Maganin wannan shi ne kowa ya saurari haɗin shi kaɗai, a mota da hedifon da ƙaramar lasifika, ya aiko da gyaransa ga mutum ɗaya. Shi zai tattara su a takarda guda mai nuna minti da sakan na kowane gyara, ya warware waɗanda suka ci karo kafin ya miƙa wa injiniya. Zagaye biyu na gyara sun wadatar.

A miƙa wa mai gogewar ƙarshe, wato wanda ke daidaita sautin dukan albam kafin a fitar, fayil ɗin sauti na WAV mai 24 bit, da sararin 3 zuwa 6 dB a sama, ba a matse shi ba. Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi a intanet, yana daidaita ƙarar waƙoƙi a kan -14 LUFS, wato ma'aunin matsakaicin ƙarar waƙa, don haka matse sauti fiye da kima ba ya ƙara ƙara, sai dai ya kashe ƙarfin ganga. Ƙololuwar sauti ta tsaya a -1 dB. Faifan CD yana bukatar 16 bit da 44.1 kHz. Idan za a buga faifan garmaho, kowane gefe kada ya wuce minti 20 zuwa 22, kuma wannan zai shafi yadda za a jera waƙoƙi.

Kowace waƙa tana bukatar lambar ISRC mai haruffa da lambobi 12, wadda da ita ake bin sawun sau nawa aka saurare ta. Kafin a tura albam ga mai rarrabawa, a fitar da jerin sunaye: wanda ya rubuta kowace waƙa, wanda ya buga me a cikinta, har da amshin baya da tafi. A kwatanta jerin da takardun rabon da aka sa wa hannu, a ba kowa, sabo da tsoho, ya duba rubutun sunansa harafi bayan harafi, domin gyara bayan albam ya hau intanet yakan ɗauki makonni, a kan faifan da aka riga aka buga kuma ba ya yiwuwa sai a bugu na gaba.